Kafin a Tura Kuɗin Kwalekwale: Yadda Ake Zaɓar Jirgin Su Na Ruwa Marar Zurfi

A 'yan shekarun nan matasa da dama a Ikara da Makarfi da Kudan sun fara kallon su a matsayin sana'ar rani, kusa da noman rake da tumatir da aka fi sanin yankin da su. Mafi yawansu kuma a waya suke fara cinikin. Mutum zai ga hoton kwalekwale a Facebook ko Jiji, an shafe shi da fenti shuɗi yana ƙyalli, ga lambar mai sayarwa a ƙasa, sai ya fara lissafin yadda zai sayar da buhunan masara ya tura kuɗi. Matsalar ita ce hoto yana nuna launi da tsawo ne kawai. Ba ya nuna abin da ya fi muhimmanci ga mai kamun kifi a wannan yanki, wato zurfin ruwan da jirgin ke buƙata kafin ya motsa.

Wannan darasi a kan wannan tambayar ya tsaya, da kuma abubuwan da ke biyo bayanta: irin jikin jirgi, inji ko babu inji, yadda ake gwaji kafin biya, da kulawar da ke sa jirgi ya yi shekaru.

Ruwan watan Afrilu shi ne ma'auni

Arewacin jihar Kaduna ba ƙasar manyan koguna ba ce irin Yawuri ko Lokoja. Abin da ake da shi madatsun ruwa ne da rafuka da fadamu: madatsar Gimbawa a Ikara, kogin Galma da ke ratsawa ta gefen Zariya da madatsarsa a Kubau, sai kuma Tiga a tsallaken iyaka cikin jihar Kano, wadda aka kammala a 1974. Duk waɗannan ruwaye suna da hali ɗaya. A watan Agusta da Satumba suna cika har su shafe gonakin gefe. Daga nan sai su fara ja da baya, manoman rani na zuƙa da injinan ban ruwa, rana da iskar hunturu na shanye nasu kason, har zuwa watan Afrilu da bakin ruwan zai zama laka da ciyawa da kututturan da a da ba a ganinsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a je kallon ruwa da damina a yanke shawara. Jirgin da zai yi yawo son ransa a Satumba yana iya kwanciya a laka wata uku cur, a daidai lokacin da ruwa ya ragu kifi ya tattaru wuri guda. Saboda haka awon da ke da amfani shi ne na ƙarshen rani, kuma a wurin da za a riƙa shiga da fita, ba a tsakiyar dam ba.

Waya tana taimakawa a nan. A manhajar Google Earth akwai hotunan tauraron ɗan adam na shekarun baya, waɗanda mutum zai iya komawa ya ga inda bakin ruwa ya tsaya da rani da inda ya kai da damina. Amma hoton sama ba ya faɗin zurfi. Wannan sai da sanda mai alamar santimita goma-goma, da kuma zama da tsofaffin masunta da sarkin ruwan wurin, waɗanda suka san inda ramuka suke da inda tsohuwar hanyar rafi ta bi kafin a datse shi.

Lissafin da kalkuletar waya za ta yi cikin minti biyu

Jirgi yana nutsewa ne daidai gwargwadon ruwan da ya ture, kuma nauyin ruwan da ya ture daidai yake da nauyinsa haɗe da kayan cikinsa. Wannan ƙa'ida ce da aka sani tun zamanin Arkimidis na Girka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Da waɗannan biyun ake gane komai.

A ɗauki misalin kwalekwale mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, tsawonsa mita 5, faɗin ƙasansa mita 1. Tunda goshi da baya suna tsukewa, a ce faɗin shimfiɗar gaba ɗaya murabba'in mita 4 ne. Duk santimita ɗaya da ya nutse, ya ture lita 40, wato ya ɗauki kilo 40. Yanzu a tara kaya: jirgin kansa kilo 160, mutum biyu kilo 130, inji da mai kilo 60, jiƙaƙƙen kalli da kifi kilo 90. Jimla kilo 440. A raba da 40, an sami santimita 11. Wannan shi ne zurfin da cikin jirgin zai shiga ruwa. Idan tsayin gefensa santimita 40 ne, saura santimita 29 tsakanin baki da ruwa, wanda ya wadatar a dam mai natsuwa.

Waɗannan alƙaluma misali ne, kowa zai sa na jirgin da yake ciniki. Amma sun isa su nuna dalilin da ya sa shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi dacewa da ruwa marar zurfi. Jirgi mai tsinin ciki, irin wanda ake nunawa a bidiyon Legas yana keta igiyar ruwa, yana tattara nauyinsa ne a siririn wuri, don haka dole ya nutse sosai kafin ya ture ruwan da zai ɗauke shi. A teku wannan alheri ne, a gefen Gimbawa kuwa wahala ce. Ko a Amurka, masu kamun kifi a fadamu da ƙananan tafkuna jirgin alminiyam mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da goshi mai faɗi suke amfani da shi, saboda wannan dalilin.

Sai dai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana da nasa sharrin, kuma lissafin nan dai shi ke tona shi. Idan ruwa ya taru a cikin jirgin har santimita 5 kacal, wanda bai kai idon sawu ba, lita 200 ke nan, nauyin ƙarti uku. Kuma ruwa ba ya zama wuri ɗaya: da jirgin ya ɗan karkata sai duk ya kwarara gefen da ya yi ƙasa ya ƙara danne shi. Shi ya sa gwangwanin kwarfe ruwa ba abin rainawa ba ne, a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi. Haka kuma idan aka ƙara fasinja goma a kan kayan ɗazu, an ƙara kusan kilo 650, jirgin ya sake nutsewa santimita 16, abin da ya rage bai wuce 13 ba. Iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas tana iya tayar da igiyar da ta fi haka cikin 'yan mintuna.

Ba labarin nesa ba ne. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, galibinsu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Sama da mutum ashirin ne suka rasu, kuma lodin da ya wuce kima na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi. Dam ne irin waɗanda ake da su a nan, ba teku ba. Duk wanda ya sayi jirgin su zai gamu da masu roƙon ya tsallakar da su ranar kasuwa ko ranar biki, kuma ƙin amsawa yana da wuya a ƙauye. Gara ya rubuta adadin mutanen da jirgin ke ɗauka da fenti a jikinsa tun ranar farko, don ya sami abin nunawa.

Katako, faiba ko ƙarfe

Kwalekwalen katako shi ne wanda aka fi sani, kuma ga mai fara sana'a a ƙaramin dam har yanzu shi ne zaɓin da ya fi hankali. Ya fi araha, kafinta na gari zai iya canza katakon da ya lalace, kuma ko ya cika da ruwa, in babu inji mai nauyi a kansa, yawanci ba ya nutsewa ƙasa gaba ɗaya, mutum na iya rungumarsa har taimako ya zo. A da ana sassaƙa shi daga gungumen itace ɗaya kamar maɗaci, amma manyan itatuwa sun yi ƙaranci, yanzu haɗin falanki ne da ƙusa da kwalta. Maƙeran Yawuri sun yi suna a wannan aiki, sai dai jiragensu da yawa an ƙera su ne don kogin Kwara da tafkin Kainji, dogaye masu nauyi. Kafin a yi oda daga can, a haɗa kuɗin mota a lissafi, kuma a faɗa wa maƙerin ainihin ruwan da jirgin zai zauna.

Na faiba ba ya ruɓa, ba shi da nauyi, amma tsada gare shi, kuma jan sa a kan duwatsu da kututture yana cin ƙasansa. Babban abin dubawa a tsohon na faiba shi ne allon baya inda ake maƙala inji. Sau da yawa akwai katako a cikinsa da aka lulluɓe, wanda kan ruɓe ba tare da an gani daga waje ba. Gyaransa kuma yana buƙatar gam da zaren faiba da ba kowace kasuwa ake samu ba.

Na ƙarfe, wanda masu walda ke haɗawa da falankin ƙarfe, yana jan hankalin matasa saboda ana iya yin sa a gari. Yana jure karo, amma tsatsa na cin sa daga ciki inda ruwa ke kwana, da rana kuma yana zafi kamar tanda. Mafi muni, idan ya cika da ruwa kai tsaye yake tafiya ƙasa. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ɗaure jarkoki marasa komai, a rufe su gam, ƙarƙashin kujeru. Kowace jarka mai lita 25 tana riƙe kusan kilo 24 a saman ruwa. Jirgin da nauyinsa ya kai kilo 200 yana buƙatar takwas ko tara, kuma a ɗaure su da gaske, don jarkar da aka ajiye kawai ita za ta fara tserewa.

Inji: tambayar farko ita ce ko ana buƙatarsa

Da yawa suna ganin jirgi ba inji kamar waya ce ba data. A ƙaramin dam da mutum zai ratsa da filafili cikin minti ashirin, inji ƙarin kashe kuɗi ne kawai, musamman tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Ƙararsa tana korar kifi a ruwa marar zurfi, kuma shi ɓarayi suka fi nema.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Injin bayan jirgi mai ƙarfin doki 15, irin Yamaha Enduro da ya cika kogunan Nijeriya, farfelarsa tana rataye ne ƙasa da cikin jirgin da kimanin santimita 30. Wato jirgin ɗazu da ke wucewa a ruwan santimita 11 yanzu yana buƙatar sama da 40 kafin a kunna inji lafiya. Duk ribar shimfiɗaɗɗen ƙasa ta tafi. Sannan ƙafar injin iri biyu ce, gajera mai inci 15 da doguwa mai inci 20, dole ta dace da tsayin allon baya. Wanda ya sayi doguwa ya sa a gajeren allo ya ƙara wa kansa inci biyar na noman laka.

Irin wannan inji da ruwan dam yake sanyaya kansa. Akwai wata 'yar farfelar roba a cikin ƙafarsa da ke zuƙo ruwa ta tura sama, alamar tana aiki shi ne siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayan injin. Yashi da laka suna cinye wannan roba, kuma kunna injin a tudu ba ruwa, ko na ɗan lokaci kaɗan, yana ƙona ta. Mai sayarwa da ya tayar da inji a busasshiyar ƙasa don ya burge mai saye a bidiyo, ya nuna bai san abin da yake sayarwa ba, ko bai damu ba.

Ga ruwa mai ciyawa da laka akwai tsarin da ya fi dacewa, wanda mutanen Tailan suka shahara da shi: inji mai doguwar jela. Ana ɗora ƙaramin injin fetur mai sanyaya kansa da iska, irin mai doki 6.5 da manoman Hunkuyi da Makarfi ke jan ruwa da shi, a haɗa masa doguwar sandar ƙarfe mai farfela a ƙarshe. Matuƙi yana ɗaga ta ko sauke ta da hannu gwargwadon zurfi. Kowane makanikin injin ban ruwa zai iya gyara shi, kayan gyaransa kuma suna ko'ina. Hatsarinsa shi ne farfelar a buɗe take tana lilo, bai kamata a kunna shi kusa da masu wanka ko masu su a kan gora ba.

Masu sha'awar sola za su tambayi injin lantarki. Akwai ƙanana masu aiki da batir mai bolt 12, ba ƙara ba hayaƙi, sun dace da lallaɓawa kusa da kifi. Amma babba a cikinsu yana jan kusan amfiya 50 idan an ƙure shi. Batir mai 100Ah irin na inbata, wanda bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba, awa ɗaya ke nan a cikakken gudu, ga nauyin kusan kilo 30. A hankali yana kai wa sa'o'i, amma ba abin dogaro ba ne wajen tsere wa hadari.

Ita ma na'urar gano kifi da ake haɗawa da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi, wadda ke aika sauti ƙasa ta auna dawowarsa, ba ta da wani amfani sosai a nan. Sautin yana buɗewa ne kamar hasken tocila. Mai kusurwar digiri 20 a ruwan mita ɗaya, abin da take gani bai wuce faɗin santimita 35 ba, kamar faranti. A Tiga mai zurfi tana iya biyan kuɗinta. A fadama sandar awo ta fi ta.

Ciniki ta waya, biya a bakin ruwa

Waya wurin neman jirgi ce da tace masu sayarwa. Abu na farko, a saka hoton tallar a Google Lens. Idan ya bayyana a shafukan Gana ko Indunusiya, magana ta ƙare. Na biyu, a nemi kiran bidiyo kai tsaye, ba bidiyon da aka turo ba, a sa mai jirgin ya kifa shi ya nuna ƙasansa, ya auna tsawo da faɗi da tsayin gefe da tef ana kallo. Wanda ya ce sai an tura kafin alƙalami sannan zai nuna kaya, ko ya ce wani na hanya da kuɗi a hannu don a yi sauri, a bar masa kayansa.

Sauran gwajin sai ido da ido, kuma a tafi da masunci ko kafintan da ya san jirgi. Sabon fenti a tsohon kwalekwale abin tuhuma ne, ba abin farin ciki ba. A bi mahaɗar katakai da tsinin ƙusa ana dannawa, musamman inda ƙasa ta haɗu da gefe da kuma ƙarƙashin kujeru: lafiyayyen katako yana turjewa, ruɓaɓɓe yana shigewa kamar dafaffen rogo. A na faiba a ƙwanƙwasa da kwabo, inda sautin ya mutu akwai rabuwa ko ruwa a ciki. Daga nan a tsane jirgin sarai, a sa shi a ruwa da kaya daidai waɗanda zai riƙa ɗauka, a zauna rabin awa, a ga abin da ya shigo.

In da inji, a taɓa shi a tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, don mai wayo kan ɗumama shi tun kafin baƙo ya iso. A kwance fulogi a duba, a buɗe ƙusar man giya a ga ɗigonsa: idan ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga. A dubi lambar da ke jikin injin a gwada da ta rasit. Injin da aka kankare lambarsa, komai arharsa, rigima ce ake saye. A rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, a ɗauki hotonta a ajiye a waya da kuma imel.

Kafin duk wannan ma, a tabbatar an yarda a sa jirgi a ruwan. Kusan kowane ruwa yana da sarkin ruwa da ƙa'idojin masuntansa, irin girman idon raga da lokutan da ake hutar da ruwa. Madatsar da gari ke sha daga gare ta kuma tana da hukumar da ke kula da ita, wadda za ta iya hana injin fetur. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta sha nanata hana tafiyar dare da wajabcin sanya rigar kariya. Kuɗin riguna biyu ya shiga cikin kuɗin jirgi tun farko, ko da mai shi gwanin iyo ne, domin kalli da ya naɗe ƙafa bai san gwani ba.

Abin da ke kashe jirgi a wannan yanki

Ba ruwa ne ke kashe kwalekwalen katako ba, sauyi ne tsakanin jiƙa da bushewa. Katako yana kumbura a ruwa ya matse mahaɗarsa. Idan aka jawo shi tudu aka bar shi a rana da iskar hunturu ta Disamba da Janairu, sai ya tsuke, mahaɗa su buɗe, ƙusoshi su saki. Wanda zai huta na kwanaki ya bar shi a ruwa a ɗaure. Wanda zai huta na watanni ya kifa shi a inuwa a kan duwatsu ko tsofaffin tayoyi, kada ya taɓa ƙasa saboda gara, kuma kafin ya koma aiki ya jiƙa shi kwana biyu ya kumbura. Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen rani, a kankare tsohuwar kwalta, a cusa auduga ko tsumma a mahaɗa, a shafa sabuwa a kan busasshen katako. Kwalta a kan jiƙaƙƙen katako rufe ruɓa ce kawai.

Injin da ake haɗa masa fetur da baƙin mai yana son awo, ba ƙiyasi ba. Ga yawancin irinsu kashi 50 ne da 1, wato mililita 20 a kowace lita, rabin lita a tanki mai lita 25, amma a duba abin da aka rubuta a jikin injin ko littafinsa. Fetur da ya kwana wata da watanni a kafireto yana daskarewa ya toshe shi, don haka kafin ajiya a cire tiyon mai a bar injin ya shanye na cikinsa, yana cikin ruwa. Duk mako a kwance farfela a duba bayanta, domin zaren raga da na ƙugiya suna naɗewa a wurin su yanke robar da ke tare ruwa, daga nan ne man giya ke komawa madara.

Ita kuma wayar da aka yi duk wannan lissafi da ita, alamar IP67 ko IP68 da ke kwalinta tana nufin za ta jure nutsewa na ɗan lokaci ne, ba ta nufin za ta taso sama. A laka ba a ganin ta kuma. Jakar roba mai rufewa da igiyar ratayawa a wuya ita ce maganin, a bar iska kaɗan a ciki don ta yi iyo. Kafin a tashi a aika wa wani a gida da wurin da ake ta WhatsApp, tare da lokacin da ake sa ran dawowa, kuma daga tsakiyar Afrilu a riƙa ɗaga kai ana duban gabas ko da manhajar yanayi ta ce babu hadari.